Tsintsiyar Kaba a Bakin Tabkin Sahabi

Ku samarin da kuke zama a bakin hanyar Yamai kuna jiran babbar mota ku sauke siminti, na ji abin da kuke faɗi a kan sana'armu. Kun ce ai siminti ne da rairai da ruwa, duk mai ƙarfin juya felu ya iya gini. Ɗayanku ma ya nuna mini a wayarsa wani mutum yana shafe daɓe, kafin in gama gyara tabarau har an gama aikin. Ba zan yi muku gardama ba. Zan dai ba ku labarin wani daɓe da na sake a nan Filinge, a bayan wani gida, a bakin wurin iyo. Na yi ayyukan da suka fi shi girma nesa ba kusa ba, amma shi ne ya koya mini abu bayan gemuna ya yi fari.

Sunana Illa. Mahaifina manomin hatsi ne daga wani ƙauye kan hanyar Sanam, amma a nan Filinge na tashi, kuma cin rani ne ya fara kai ni Yamai. Can na faɗa hannun wani magini ɗan Togo mai suna Kwami. Aikin farko da ya ba ni shi ne wankin rairai. Zai sa in zuba rairan a kwalba, in cika da ruwa, in girgiza, in ajiye. Idan ya kwanta, laka takan hau sama ta yi layi. In layin ya yi kauri, sai ya nuna mini tulin da yatsa, in koma in wanke shi duka. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni in taɓa cokalin gini. Ba ya duka, ba ya zagi. In ka ɗora bulo a karkace, sai ya zo ya sa ƙafa ya ture shi a hankali, ya wuce. A bakinsa na koyi Faransanci, a bakin leburorinsa na koyi Zabarmanci. Ranar da zan bar shi ya ba ni cokalinsa, wanda bakinsa ya cinye har ya zama kamar ganyen mangwaro. Yana cikin jakata har yau.

Daga nan na bi aiki inda ya kai ni. A Kumasi, abokin gabar magini ruwan sama ne, kana zuba kankare kana kallon gabas, leda tana kusa da hannunka. A Sabha ta Libiya na yi aiki da Misirawa, su kuma rana suke tsoro. Suna gama zubi su lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna kamar mai zazzaɓi, su zauna su sha shayi. Su suka fara gaya mini cewa siminti ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. In ya bushe da wuri ya mutu da ƙuruciya. A Abijan kuwa na daɗe a wani otal na bakin ruwa, muna gyaran daɓen da ke kewaye da wuraren iyo. Akwai wani tsoho ɗan Burkina da muke hira da Julanci. Ranar farko na ga ya shafe kankare ya yi kyau, sai ya ɗauko buroshi mai dogon hannu ya ja a kai, ya bar shi da zane-zane. Na ce a raina tsufa ya kama wannan. Da wurin ya nuna, ya kwara masa bokitin ruwa, ya ce in cire takalmi in yi gudu a kai. Na yi gudu, ƙafata ba ta goce ba. Bai ƙara mini wani bayani ba.

Shekarar da rikici ya tashi a Abijan ita ce muguwar shekarata. Na fito da rigar jikina da cokalin Kwami, sauran kayan aiki duk na bar su a ɗakin haya. Na iso gida na tarar damina ta yi gardama, hatsi bai yi ba, wanda ke neman abin tuwo kuwa ba ya kiran magini. Wanda ya ɗauke ni a lokacin taubashina ne, Abarshi. Shi ma magini ne, bai taɓa wuce Balleyara da aiki ba. In ya samu gyaran bakin rijiya ko daɓen aji, sai ya biyo ta ƙofar gidanmu ya ce, “Taso, ɗan Abijan, zo ka riƙe mini igiya.” Igiyar ba ta bukatar mutum biyu. Haka muka ci wannan shekara.

Ku san wane ne Abarshi a wannan sana'a. A duk ƙasarmu ta Kurfai ban ga mai hannunsa ba wajen gama daɓe. Yakan barbaɗa busasshen siminti a kan ɗanyen, ya bi shi da cokali yana murzawa, yana komawa, har wurin ya yi baƙi ya ɗauki ido. In ka sunkuya kana ganin hularka a ciki. Masallatai da ɗakunan manya duk shi ake kira. A wajenmu daɓe mai kyau shi ne mai sulɓi: yana da sauƙin shara, ba ya tara ƙasa, kunama ba ta samun maɓoya. Kuma mu mutanen da ke auna ruwa da buta ne. Babu wanda ya tashi a gidan da ƙasarsa ke wuni a jiƙe.

Yanzu ga aikin da na ce zan ba ku labarinsa. Sahabi ɗan unguwarmu ne, yana sayar da kayan mota a Lome. Mahaifiyarsa, Inna Bibata, ta yi ciwon ƙugu har aka yi mata aiki a Yamai. Likita ya ce ƙafar ba za ta dawo ba sai tana tafiya cikin ruwa, inda jiki ba ya da nauyi. Ta ƙi zama Yamai, ta ƙi zuwa Lome. Sai Sahabi ya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a gidan, ya sa aka gina mata wurin iyo a bayan ɗakinta, zurfinsa iyakar ƙirji, da matakala da ƙarfen riƙewa. Masu Faransanci suna ce masa pisin, mutanen gari kuwa suka raɗa masa tabkin Sahabi. Ramin, ma'aikata daga Yamai suka yi shi. Daɓen da ya taso daga ƙofar Inna ya kewaye ruwan, Sahabi ya ce ɗan gida zai yi, ya ba Abarshi. Ni lokacin ina Damana ina ginin shaguna.

Abarshi ya yi wa tsohuwar aikin da ya fi kowane aiki nasa. Don girmamawa ya yi, ya murje shi har ya zama madubi. Inna ta fara shiga ruwan, ƴarta Ramatu da ke jinyarta tana riƙe ta, ƙafar ta fara saki. Wata safiya ta fito da jiƙaƙƙun ƙafafu, sandarta ta goce, ta faɗi a kan gefen da aka yi wa aiki. Allah ya kiyaye ba ta karye ba. Amma ta shiga ɗaki ta kwanta, ta ce ita da wannan wuri har abada. Ƙafar ta fara sandarewa. Likitan ya aiko cewa in ta ci gaba da kwanciya haka, ba za ta ƙara tashi ba. Shi ne Sahabi ya baro Lome, ya aika a kira ni.

Na tarar ruwan ya yi kore, kwaɗi sun tare a ciki. Akwai wani ƙanen Inna da ya zo daga ƙauye, dattijo mai riƙe da al'adar kakanni. Yana gaya wa Sahabi cewa ba a tara ruwa a cikin gida ba tare da an sallami masu ruwan ba, su ne suka ture ta. Ban yi musu da shi ba, don ba fannina ba ne. Na dai ɗauki buta na kwara ruwa a kan daɓen, na ce, “Baba, taka nan ka ji.”

Ya cire takalmi ya taka. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta nufi yamma, sai da Sahabi ya cafe shi. Ya tsaya yana gyara rawani, ya dubi ƙasa, ya ce, “To. Ku yi naku, ni ma in yi nawa. Amma ku fara yin naku.”

Sahabi ya ja ni gefe. “Baba Illa, ko karo za mu shimfiɗa, tayil irin na otal?”

Na ce masa karo mai sulɓi ya fi wannan haɗari, mai kaushin kuma in rana ta buge shi ba ya takuwa. Abin da za a yi shi ne a sassaƙe fuskar wannan, a zuba sabuwa a kai, a bar ta da kaushi. Ya ce in yi duk abin da na gani, shi dai ta tashi.

Muka shiga gaishe ta. Tana kwance a kan gado, fuskarta a bango. Na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana. Illa ne, ɗan Tanko.”

“Na ji muryarka. Kai ne wanda yawo ya hana aure da wuri.” Ta juyo. “Mi kunka zo yi? In wancan madubi ne, ko zinariya kunka shimfiɗa ba ni taka shi.”

Na ce ba na roƙon ta taka komai. Zan kawo mata daɓen har bakin gado, ta ji shi da ƙafarta tana zaune. Ta ce ita ba ta taɓa ganin daɓe mai zuwa gaisuwa ba, amma in kawo.

Kafin in taɓa guduma sai da na je gidan Abarshi. A sana'armu ba ka fasa aikin wani sai ka sallame shi, balle wanda ya riƙe ka a muguwar shekara. Na same shi yana gyaran burweti, wato baron tura kaya. Ya riga ya ji komai, tun faɗuwar Inna ba ya bin ta ƙofar gidan.

Na ce, “Taubashi, na zo neman izinin ɓata maka madubi.”

Bai ɗago ba. “Wanda na koya ma riƙon igiya.”

“Shi ne. Kuma ina neman mai riƙe mini ita.”

Ya ci gaba da ɗaure ƙafar burweti. Can ya ce, “Ni don in girmama ta na yi shi, Illa.” Na ce kowa ya san haka. Ya ce to zai zo, amma don ya ga yadda ƴan Abijan ke lalata aiki a biya su.

Na haɗa ƴan katakai na zuba daɓen gwaji guda biyu, kowanne faɗin faranti. Ɗaya na ja masa buroshin roba da Sahabi ya sa aka kawo, irin wanda muke aiki da shi a otal. Ɗayan na goge shi da buhu. Da suka nuna muka kai su ɗakin Inna, Ramatu ta zaunar da ita a bakin gado, muka jiƙa su, muka ajiye a ƙarƙashin ƙafarta. Ta murza tafin ƙafa a kan na buhu, ta ce wannan ƙanen madubi ne. Ta murza a kan na buroshi, ta janye da sauri.

“Wanga cizo yake yi. Ƙafar Bature ce kuke auna ma, mai kwana cikin takalmi? Tawa duk faso ce, zanen nan shiga yake yi cikin tsaga.” Ta dube ni. “Da mi ka ja shi?”

Na nuna mata buroshin. Ta juya shi, ta taɓa bakinsa, ta miƙo mini kamar ta taɓa bushiya. Ta ce wa Ramatu ta je bayan madafa ta ɗauko tsohuwar tsintsiyar kaba, ba sabuwar ba, wadda bakinta ya cinye ya yi laushi.

A nan ne muka ji abin da ni da Abarshi ba mu sani ba, mu da muka tsufa a kan daɓe. Ashe a ƙuruciyarta Inna ita ce uwar daɓe a unguwarsu. Kafin siminti ya zo, daɓe aikin mata ne. Su ke zuba tsakuwa da ƙasa, su taru da maɗaɓai suna bugu, su shafe da makuba har ya yi sheƙi. Ta ce tsakiyar ɗaki suke murjewa. Amma gindin randa, da bakin ƙofa, da wurin wanka, duk inda ruwa ke zuba, ba su taɓa murje shi ba. Suna bari ya sha iska kaɗan, su bi shi da tsohuwar tsintsiya.

“Da siminti ya zo, maza sunka amshe daɓe,” in ji ta. “Kunka ɗauki sheƙin kunka bar tsintsiyar, don ba ku ɗaukar ruwa, ba ku san inda yake zuba ba. Wa ya tambaye mu?”

Abarshi yana tsugune a bakin ƙofa. Na zuba gwaji na uku da tsintsiyar. Da ya nuna na kawo mata, ta murza ƙafa a kai, ta sake murzawa, ta ce, “Hannunka na da nauyi. Amma hanyar ke nan.” Ban samu alkawarin za ta taka ba. Ta dai ce ranar zubi a gaya mata.

Aikin share fage shi ne wanda ba a nuna muku a waya. Mun kwashe ruwan ramin muka ba shuke-shuken gidan, muka rufe shi da leda don kada siminti ya faɗa. Na bi tsohon daɓen da guduma ina ƙwanƙwasawa taki bayan taki. Inda ya kama ƙasa, amonsa a cike yake. Inda ya rabu da ita, yana kuka kamar ƙwarya, wannan sai a fasa shi har ƙasa a cike. Sauran kuma muka bi shi da guduma da ƙarfen sara muna tsattsage fuskar, don sabon siminti ba ya kama sulɓi, kamar yadda ƙafa ba ta kama shi. Abarshi da hannunsa ya sare madubinsa, kuma ya fi ni sauri. Muka wanke ƙurar tas, muka shayar da wurin ruwa har ya ƙoshi, don in tsohon daɓe yana jin ƙishirwa zai tsotse ruwan sabon ya kashe shi. Rairai daga ƙorama muka ɗebo, na gwada shi a kwalba kamar yadda Kwami ya koya mini, muka haɗa da ƙananan tsakuwa.

Sai maganar gangare. Ruwan da ya zuba a daɓe bai kamata ya koma cikin ramin ba, kuma bai kamata ya kwanta ba. Na ja igiya zan karkata shi zuwa bango, inda za a huda ya fita waje, yadda muke yi a Abijan. Ramatu ta fito ta ce Inna tana tambaya ina ruwan zai je. Na faɗa mata. Ta koma, ta dawo. “Ta ce a Filinge ba a zubar da ruwa a titi. Ga lemunta can a kusurwa.” Muka kwance igiya muka karkata gangaren zuwa gindin lemu.

Ranar zubi muka fara da sassafe, don bazara ce. Muna shafa kunun siminti a kan tsohon daɓen, muna zuba sabon a kai tun kunun bai bushe ba, kaurin yatsu uku, muna ja da katako. Muna cikin haka na ji ana jan kujera. Inna ce ta sa Sahabi da Ramatu suka ɗauko ta suka ajiye a bakin ƙofa. Tun faɗuwarta ba ta ga rana ba sai ranar.

Akwai ɗan lokacin da ake jan tsintsiya, kuma ba shi da tsawo. In ka yi sauri, ruwa yana sama, zanen ya rufe. In ka makara, tsintsiyar ta wuce ba ta bar komai ba. Sai ƙyallin ruwan ya ɗauke, ka danna yatsa ya bar alama ba tare da ya kwaso ba. Na ɗaure tsintsiyar a bakin doguwar gora, na miƙa ta, na ja layin farko.

“Illa,” in ji Inna, “kunya kake yi? Hatsi za mu shuka?”

Na sassauta na ja na biyu. Ta ce har yanzu. Hannuna ya saba da buroshin otal, wanda sai an danna. Abarshi yana gefe yana dariya har da riƙe ciki.

Ta juya kansa. “Kai mai dariya, amshi.”

Dariyar ta tsaya. “Inna, ni? Ban taɓa riƙa tsintsiya ba tun da anka haife ni.”

“An gani ga ɗakinka.”

“In mutane sunka ji Abarshi na shara…”

“Sun riga sun ji ka kada tsohuwa. Wanne ya fi?”

Rana tana hawa, gefen da muka fara zubawa ya soma ɗaurewa. Na ce masa a hankali, “Taubashi, yana tafiya. In ya wuce mu, sai mun sake sara.” Ya dubi daɓen, shi ma ya san gaskiya ne. Ya goge hannu a riga ya karɓi gorar.

Inna ta ce, “Kada ka tura, ja za ka yi. Kada ka danna, nauyinta ya isa. Kamar kana kore tururuwa daga tabarmar jinjiri yana barci.”

Ya ja. Wannan hannun da ya shekara da shekaru yana lallashin siminti da cokali, shi ne daidai. Zanen ya fito siriri, a jere, kamar sawun iska a kan rairai. Ta ce ya gitta shi, kada ya bi tsawon hanya, don ƙafa ta samu abin kamawa, ruwa kuma ya bi zanen ya tafi wurin lemu. Ni na koma ina zuba ina ja da katako, shi yana biye da ni da tsintsiya, ita tana daga kujera tana cewa nan ya yi, can a sake. Kafin azahar muka kai bakin matakala. Na bi da cokalin Kwami na yanka layuka a tsakani, don kankare sai ya tsage, gara ka nuna masa inda zai tsage.

Muka lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi da buhuna, aka shiga shayarwa. Na gaya wa Ramatu kada a bari ya bushe ko kaɗan har sai na ce. Ashe ban bukaci faɗa ba. Duk lokacin da na leƙo, Inna tana bakin ƙofa tana tsaron daɓenta. Wata rana da la'asar na shigo na same ta a tsaye, ta dafa ƙyaure da hannu ɗaya, tana nuna wa Ramatu da sanda wani gefe da tabarma ta zame. Ba ta lura ta tashi ba. Na gyara tabarmar na fita.

Da ya nuna muka kwashe tabarmi, aka wanke ramin aka cika shi da sabon ruwa. Ƙanen Inna ya zo ya yi nasa, liman ma ya zo ya yi addu'a. Da safe Inna ta fito bakin ƙofa da sandarta, ta dubi daɓen tun daga ƙafarta har bakin ruwa. Sahabi ya ce, “Inna, ga shi a bushe, ki gwada.”

“Busasshe kowa na taka shi. Ku jiƙa.”

Abarshi ya ɗauki bokiti ya kwara, ya sake kwarawa, ruwan ya bi zanen ya gangara gindin lemu. Ta sa ƙafa ɗaya a kai, ta murza, ta tsaya. Sannan ta dube mu. “To, mi kuke jira? Ku ga tsohuwa na wanka? Ku fita.”

Muka koma zaure mu uku. Aka kawo shayi, Sahabi ya riƙe kofinsa har ya huce. Ba ma jin komai daga ciki. Abarshi yana ta murza hularsa. Na so in ba su labarin Libiya don lokaci ya wuce, na ga babu mai saurare, na bari. An daɗe. Can Ramatu ta leƙo ta ce mu shigo mu kwashe kayanmu.

Inna ta riga ta koma ɗaki. Rana ta busar da ruwan da Abarshi ya kwara, daɓen ya yi fari. A kansa akwai sawun jiƙaƙƙun ƙafafu, daga matakala har ƙofar ɗaki. Na dama cikakke, na hagu yana ɗan ja, ga ɗigon sanda a gefe. Babu inda ya goce. Abarshi ya tsuguna yana kallonsu har rana ta fara shanye na bakin ruwa.

Ramatu ta ce, “Ta ce ruwan ya yi sanyi, gobe a bari hantsi ya yi. Kuma ta ce a gaya ma Baba Abarshi sharatai ta yi kyau, yanzu ana iya kai shi gidan miji.”

Inna Bibata ta ƙara shekaru tana zuwa gaisuwar biki da ta rasuwa da ƙafarta, kafin Allah ya karɓi abinsa. Lemun yana nan, ya fi katanga tsawo. Abarshi har yanzu yana murje daɓe ya yi sheƙi, amma kafin ya fara sai ya shiga cikin gida ya tambayi matan inda suke ajiye randa. Ni kuwa na gode wa Allah da ya haɗa ni da Kwami, da Misirawan Sabha, da tsohon Burkina, ya kuma ja mini rai har na zauna a gaban tsohuwar da ke bayan gidanmu tun ina yaro.

Tsintsiyar tana cikin jakata tare da cokali, Ramatu ta bar mini ita. Wanda ke son koyo a cikinku ya same ni a wurin aiki. Zai fara da wankin rairai. Ya taho da tsohuwar tsintsiya daga gidansu, kuma kafin ya fito ya tambayi kakarsa yadda ake riƙe ta.